Wane harsashi ya dace da barewa? Gardamar maharban Amurka da abin da take tuna mana



Duk mai yawo a Facebook ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon maharban Amurka, sun jera bindigogi bisa tebur suna ta musu. Wannan ya ce .30-06 ita ce uwa, wancan ya ce .308 ta fi, wani yaro ya taso ya ce duk ku tsofaffi ne, zamani na 6.5 Creedmoor ne. Gardamar nan ta girmi da yawa daga cikinmu, kuma kowace shekara idan lokacin farautar barewa ya matso, wajen watan Nuwamba, sai ta sake tashi. Samarinmu suna kallo, wasu har suna ɗaukar ɓangare, kuma abin da na lura shi ne kusan kowa bayan babbar bindiga yake, wai ita ce ta maza.

To ni ra'ayina daban ne. Harsashin da ya dace shi ne wanda ya isa ya kashe dabba nan take ba tare da ta wahala ba, kuma wanda maharbi zai iya sa shi daidai inda ya nufa. Duk abin da aka ƙara bisa wannan, ko dai ciniki ne na masu saida bindiga, ko kuwa girman kai ne na mai saye. Bari mu bi maganar daki-daki.

Da farko, barewar da suke magana ba irin tamu ba ce. Namijinta ƙahonsa mai rassa ne kamar reshen itace, yana zubar da shi kowace shekara ya fito da sabo. Ta kuma fi tamu jiki nesa ba kusa ba: babban namiji yakan kai kilo 70 zuwa 130, alhali ƴar barewar sahara da muka sani ba ta cika wuce kilo 20 ba. Amma bari mu ci gaba da ce mata barewa don saukin magana.

Na biyu, lambobin nan da ake kira ba wani sirri ba ne. Abin da masu Faransanci ke ce wa kalibar, faɗin ramin bakin bindiga ne, wato kaurin harsashin da ke bi ta ciki. Amurkawa da inci suke awo, Turawan Jamus da Faransa kuwa da milimita. Idan an ce .30, ana nufin kashi 30 cikin 100 na inci, wato milimita 7.62. Lambar 06 da ke biye kuwa shekara ce, domin a 1906 sojan Amurka suka fara aiki da wannan harsashi. Amma kauri kaɗai ba ya ba da labari duka. Akwai tsawon kwanson da ke riƙe da albarushi. Harsashin Kalashnikov da na .30-06 kusan kaurinsu ɗaya, sai dai kwanson na farko milimita 39 ne, na biyu milimita 63. Shi ya sa ƙarfin .30-06 ya kusa ninka na Kalashnikov.

Kada kuma a haɗa su da kalibar duz da aka sani a ƙauyukanmu. Ita wannan bakinta sumul ne, ba zare a ciki, ƴan ƙananan dalma take watsawa, aikinta zabon daji da zomo da tsuntsaye daga kusa. Waɗanda muke magana a kansu ramin bakinsu murɗaɗɗe ne, harsashi ɗaya ke fita yana juyi, ya tafi ɗaruruwan mita a miƙe.

Yanzu ga ƴan takarar.

.30-30 Winchester ta fito a 1895. Ba ta da dogon zango, ƙarfinta a cikin mita 150 yake, amma a dazuzzukan gabashin Amurka masu duhu, inda yawancin harbi bai wuce mita 100, ta ciyar da gidaje sama da shekara 100.

.30-06 ita ce ta soja da ta koma ta farauta. Sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da ita suka saba, suka shiga daji da ita. Harsashinta yakan kai giram 10 zuwa 12, tana ɗaukar barewa, tana ɗaukar abin da ya fi barewa.

.270 Winchester ta zo a 1925. Harsashinta ya fi siriri, ya fi gudu, ba ya saurin sunkuyawa a hanya. Wani marubuci mai suna Jack O'Connor ya shekara da shekaru yana yabonta a mujallar Outdoor Life, har sunansa ya manne da nata.

.308 Winchester ta fito a 1952, ƴar'uwar harsashin da sojojin NATO suka ɗauka. Kaurinta ɗaya da .30-06, kwansonta ne ya fi gajarta, bambancin gudunsu bai fi mita 30 a daƙiƙa ba. Wallahi babu barewar da za ta iya gaya maka wanne ne ya same ta, amma mutane sun ɓata da abokansu a kan wannan bambanci.

.243 Winchester ta biyo baya a 1955. Harsashinta milimita 6 ne, nauyinsa wajen giram 6 da rabi, da ita ake fara koya wa yara da sababbin maharba.

Auta ita ce 6.5 Creedmoor, wadda kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Don gasar harbin nesa aka yi ta, daga baya maharba suka rungume ta saboda ba ta da shuri sosai kuma iska ba ta cika kautar da ita ba. Masoyanta na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, tsofaffi na ba su amsa da cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Ga abin da masu gardamar ba su cika faɗa ba: duka shidan nan suna kashe barewa sarai a zangon da ya dace da su. Bambancin da ke tsakaninsu ƙarami ne idan aka gwada shi da bambancin da ke tsakanin maharbin da ya iya da wanda bai iya ba.

Dalili kuwa a jikin dabbar yake. Wurin da ake nema shi ne zuciya da huhu, bayan kafaɗa kaɗan, faɗinsa kamar ƙaramin faifai, santimita 20 zuwa 25. Harsashin da ya ratsa nan, dabba ta faɗi a take ko ta yi ƴan taku ta faɗi. Wanda ya sauka a tumbi ko a cinya, ko da na giwa ne, dabba za ta gudu da rauni, ta shige kurmi, ta kwana tana shan azaba, ta mutu inda ba mai ganinta. An yi asarar rai, an yi asarar nama.

Nan ne babbar bindiga ke cin amanar mai ita. Kowace bindiga tana shuri da baya, kuma gwargwadon albarushi da nauyin harsashi gwargwadon shurin. Na .30-06 ya kai ninki biyu na .243, na manyan da ake ce wa magnum, irin .300 Winchester Magnum ta 1963, ya wuce nan. Mutumin da bindiga ta saba naushinsa a kafaɗa, jikinsa yakan koyi tsoro ba da saninsa ba. Kafin ya gama jan kunama ya runtse ido, ya zabura, bakin bindiga ya kauce. Kaucewar da ido ba ya gani a hannu, a mita 200 ta zama taki guda ko fiye. Ga kuma tsada: harsashin magnum ya fi kuɗi, mai shi ba ya yawan gwaji, sai ranar farauta ya ɗauko ta daga ɗaki. Ai kuwa ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku dubi mutanen Suwidin da Norwe. Suna da wata ƙatuwar barewa, wadda masu Faransanci ke ce wa elan, nauyinta yakan kai na raƙumi. Fiye da shekara 100 suna farautarta da 6.5x55, harsashin soja na 1894 wanda wasu Amurkawa ke rainawa ko a kan barewa. Ku dubi kuma Karamojo Bell, ɗan Sukotilan ɗin nan da ya kashe giwaye sama da 1,000 a farkon ƙarni na 20, mafi yawansu da bindiga mai milimita 7. Ba yabonsa nake ba, ɓarna ce ya yi wa Afirka saboda haure. Amma yadda ya yi ta akwai darasi: ya tsattsaga ƙoƙon kan giwa ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take, ya san inda zai sa harsashi daga kowace kusurwa. Sanin jikin dabba ne ya yi masa aikin.

To sai dai kada wani ya ji haka ya ce ashe ko wane ƙaramin abu ya isa. Akwai iyaka daga ƙasa, kuma ƙasashe da dama sun rubuta ta cikin doka. A Jamus, ƙaramar barewarsu sai da harsashin da ke da ƙarfin jul 1,000 bayan ya yi tafiyar mita 100. Manyan dabbobi kuwa sai kauri ya kai milimita 6.5, ƙarfi ya kai jul 2,000 a wannan nisa. A Ingila dokar barewa ta 1991 ta sa .240 a matsayin mafi ƙanƙanta ga yawancin ire-iren barewa, shi ya sa .243 ta yi kasuwa a can. Don ku gane awon, ƴar .22 da ake harbin zomo da ita ƙarfinta bai kai jul 200 ba, .243 tana fita da wajen 2,600, .30-06 kuwa kusan 4,000. Harbin barewa da .22 zalunci ne, ko da wani ya taɓa sa'a. A wasu ƙasashen gabashi da kudancin Afirka ma ba a yarda a tunkari ɓauna ko giwa da abin da bai kai .375 ba, harsashin da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, domin ɓauna mai rauni juyowa take ta nemi wanda ya harbe ta.

Wani lokaci kuma doka daga sama take tsare abin. A wasu jihohin Amurka kamar Ohayo da Ayowa, inda ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kuma gonaki da gidaje na kusa da juna, hukuma ta daɗe tana taƙaita irin harsashin da ake farautar barewa da shi, ta fi yarda da masu gajeren zango. Tunaninsu shi ne harsashin da ya kuskure dabba ba tsayawa yake ba, yana iya tafiya kilomita 3 ko fiye ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Kun ga kenan zaɓen kalibar bai tsaya ga maharbi da dabba ba, har da maƙwabci a ciki.

Akwai kuma abin da ya kusa fin kalibar muhimmanci, wato ƙirar harsashin kansa. Na farauta bakinsa mai taushi ne, da ya shiga nama sai ya buɗe kamar lema, ya yi faɗi, ya kashe da sauri. Na soja kuwa lulluɓe yake da ƙarfe har baki, tun bayan yarjejeniyar Heg ta 1899 da ta hana amfani da mai buɗewa a yaƙi. Irin wannan sau da yawa huda dabba yake ya wuce, ya bar ƙaramin rami, ta gudu ta mutu can gaba. Shi ya sa Ingila ta wajabta mai buɗewa ga barewa. Yanzu ma maganar dalma ta shigo, domin ɓurɓushinta na zama cikin nama da kayan ciki, ungulaye su ci su mutu. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019, maharba suka koma na tagulla.

Masu goyon bayan babbar bindiga suna da hujja, kuma ya kamata a faɗe ta da adalci. Suna cewa daji ba filin gwaji ba ne. Dabba tana motsi, iska tana kaɗawa, hannu yana rawa, wani lokaci harsashi sai ya fasa ƙashin kafaɗa kafin ya kai huhu. Mai nauyi ya fi ratsawa, ya fi fita ta ɗaya gefen ya bar jinin da za a bi sawu. Kuma wanda kuɗinsa na bindiga ɗaya ne, yana son barewa bana, baɗi yana son abin da ya fi ta, gara ya sayi .30-06 ko .308 ya huta. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Wanda kafaɗarsa ta ɗauki .30-06, yana gwaji da ita, yana sa harsashi cikin faifai sau biyar a jere, ya riƙe abarsa, babu wanda ya fi shi. Inda na rabu da su shi ne masu zaton ƙarin albarushi zai rufe musu rashin iyawa. Santimita ɗaya ko biyu yake iya gyarawa. Harbin tumbi ba shi da gyara. Idan dabba ta tsaya a karkace ko ta yi nisa, maganin shi ne a ɗage yatsa daga kunama a bar ta ta tafi. Tsofaffin maharbanmu masu kwari da baka da adaka sun san haka, shi ya sa suke rarrafe har sai sun matso.

Saboda haka mai son zaɓe, tambaya huɗu zai yi wa kansa. Wace dabba, kilo nawa? Daga wane nisa, a kurmi ko a fili? Me doka ta ce? Sannan wanne ne kafaɗata da aljihuna za su ɗauka har in yi gwaji da shi sosai? Wanda ya amsa su tsakani da Allah, sau da yawa zai ga abin da yake buƙata bai kai abin da yake sha'awa ba. Addininmu ma ya yi umarni da a kyautata wa dabba ko wajen yanka, a wasa wuƙa, kada a wahalar da ita. Zaɓen harsashin da ya dace wasa wuƙar maharbi ne.

Yanzu wani zai ce, to mu ina ruwanmu, mu da ba mu da irin barewarsu, kuma bindiga a wurinmu sai da takardar izini? Ruwanmu yana nan. Me ya sa Amurkawa ke da sukunin zama su yi musu a kan .270 da .308? Saboda suna da abin harbi. Wajen 1900 barewarsu mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa, abin da ya rage bai wuce 500,000 ba, saboda masu farautar kasuwa. Sai aka hana saida naman daji, aka sa lokacin buɗewa da rufewa, aka ƙayyade adadin da mutum zai kashe. A 1937 aka yi dokar da ake kira Pittman-Robertson, wadda a ƙarƙashinta ake karɓar harajin kashi 11 cikin 100 a kan bindigogin farauta da harsasai, kuɗin su tafi ga kula da namun daji. Yau barewar nan ana ƙiyasta ta kai wajen miliyan 30. Kowane kwalin harsashi da maharbi ya saya, ya biya wa barewar baɗi.

Mu kuma fa? Dokarmu ta farauta, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, a rubuce take. Ta hana farauta da makaman yaƙi, ta hana bin dabba da mota, ta hana farautar dare. Amma kowa ya san abin da ya share dazuzzukanmu, bayan fari da cin daji da gonaki suka yi: mota mai gudu, fitila mai ƙarfi, da bindigar yaƙi da ake buɗe wa garke wuta. Mai irin wannan aiki ba ya tambayar wane harsashi ya dace, ba ya ƙirga waɗanda suka tsere da rauni. Ga sakamakon. An kafa gandun Termit da Tin Tumma a 2012, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, don ceton adaks, farar dabbar nan ta sahara mai murɗaɗɗen ƙaho. Da masu bincike suka yi ƙidaya a 2016 ta sama da ta ƙasa, guda 3 kacal suka gani. A Gadabeji ta jahar Maradi, gandun da ke nan tun 1955, sai da aka ɗauko raƙuman dawa a mota daga Kure a 2018 aka maido su, bayan shekaru masu yawa babu ko ɗaya.

Dattawan da suka ga barewa na kiwo kusa da gonakinsu suna nan da rai, ku tambaye su. Yaran da aka haifa bayan 2000 da yawansu sai a waya suka san ta.

Don haka samari masu kallon bidiyon nan, ku kalla da kyau, amma ku ɗauki abin ɗauka. Bayan hayaniyar lambobi akwai tarbiyya: harbi ɗaya, dabba ɗaya, a lokacin da aka yarda, da takarda a aljihu, kuma idan ba ka da tabbas ka ƙyale. Ƙungiyoyin mafarautanmu na gargajiya, da sarakunan dawa, da jami'an gandun daji, su ne ya kamata su zauna su maido da wannan tarbiyya, domin da ma muna da irinta: maharbin kirki ba ya harbin mai ciki, ba ya harbin mai shayarwa, ba ya kashe abin da ya fi ƙarfin tukunyarsa. Su kuma hukumomi su sa ido a kan masu shiga daji da motoci da makaman yaƙi, ko su wane ne, ko daga ina suka zo. Idan talaka mai adaka kaɗai doka ke kamawa, babu barewar da za ta tsira.

Maharban da ke cikinmu, musamman na Dakwaro, Tanut, Gure da Abalak, muna son jin ta bakinku. Wace dabba kuka daina gani a yankinku, kuma tun yaushe? Ku rubuta mana a ƙasa, ku tura wa dattawan da suka san daji su ma su faɗi nasu. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.